Rumbun Tsimi a Hannun Hukuma: Tarihin Farashin Gyaɗa a Arewacin Nijeriya, 1912 zuwa 1986

Abu biyu ne ke hana manomi barci, watau fari da faɗuwar kasuwa. Fari ba mai maganinsa sai Allah, amma faɗuwar kasuwa gwamnatocin duniya sun daɗe suna cewa suna da maganinta cikin littattafan dokokinsu. A Arewacin Nijeriya an gwada wannan magani a kan gyaɗa da auduga har shekara arba'in da 'yan kai, tun daga tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu zuwa 1986. Aka kafa hukuma, aka ba ta ikon sayen duk gyaɗar da za a fitar zuwa ƙasashen waje, aka ce ita za ta yanka farashi kowace kaka, ta ajiye rarar shekarar da kasuwa ta yi kyau, domin ta cika wa manomi ran da kasuwa ta faɗi. Bahaushe ya san wannan dabara tun kafin zuwan Bature, gama ita ce dabarar rumbun tsimi, wanda maigida ke liƙewa da kaka, ba ya buɗe shi sai yunwa ta matso. Bambancin kawai shi ne, wannan rumbu ba a gidan manomi aka gina shi ba, kuma ba shi ke da ikon buɗe shi ba. Nufin wannan takarda shi ne bin sawun yadda dokar da aka yi da sunan tsare manomi ta rikiɗe ta zama hanyar karɓar haraji daga gare shi, da dalilin da ya sa haka ta yiwu.

Kasuwa kafin zuwan Hukuma

Gyaɗa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun dā ana shuka ta tsakanin gero da dawa, mata su matse mai su toya ƙuli-ƙuli, dabbobi su ci harawa. Abin da ya mai da ita hajar fatauci zuwa ƙetare shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano cikin 1911 ta hanyar Baro, aka kuma haɗa hanyar da ta Ikko cikin 1912. Turawa ba don gyaɗa suka shimfiɗa hanyar ba. Auduga suke nema saboda masaƙun Ingila, har ƙungiyarsu ta noman auduga da aka kafa cikin 1902 ta gina gidan gurza a Zariya tana jiran kaya. Amma masaƙan Kano da marina sun fi Turawa sayen auduga da daraja, saboda haka kaɗan ce ta kai gidan gurza. A daidai wannan lokaci kuwa masana'antun Turai suna neman man gyaɗa ruwa a jallo don yin man shafa wa burodi da sabulu. Manomi ya duba ya ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, ba ta gajiyar da ƙasa, in kuma yunwa ta zo ana iya cin ta, alhali ba a cin auduga. Gyaɗar da aka fitar cikin 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, amma cikin 1913 ta kai wajen tan 19,000.

Waɗanda suka ɗauki nauyin wannan ciniki tun farko su ne fataken goro na Kano, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, mutanen da suka riga suka san hanya, suka san bashi, suna da yara a kowace kasuwar ƙauye. Cikinsu akwai Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Adamu Jakada, daga baya kuma Alhassan Ɗantata ya shiga ya fi kowa. Kamfanin Turawa ya ba babban attajiri kuɗi, attajiri ya rarraba wa yaransa da 'yan baranda, su kuma su bi ƙauyuka da buhu da ma'auni. Wani manomin tun da damina ya ci falle, watau ya karɓi hatsi ko kuɗi bisa sharaɗin zai biya da amfanin gona, saboda haka kafin ya tono gyaɗarsa ta riga ta zama ta wani.

A wannan zamani farashi ba shi da linzami. Waya ce ke zuwa daga Ingila, abin da aka sayi tan yau ba shi za a saya jibi ba. Ga shi kuma haraji da kuɗi ake biyansa, da kaka ake karɓarsa, tilas talaka ya sayar a lokacin da kowa ke sayarwa. Cikin 1929 manyan kamfanoni biyu suka haɗu suka zama UAC, wanda ya rinjayi cinikin Afirka ta Yamma, kuma cikin wannan shekara kasuwannin duniya suka rushe. Kafin 1934 farashin gyaɗa a Kano ya faɗi ƙasa da rabin abin da yake kafin rushewar, haraji kuwa bai sauka gwargwadon haka ba. Wanda dā buhu ɗaya ke fid da shi daga hannun dagaci, sai ya koma neman biyu ko uku. Duk wanda zai yi wa Hukumar Ciniki hukunci, wajibi ne ya fara tuna wannan hali, gama ciwon da aka ce za ta warkar ciwo ne na gaske.

Inda aka aro dabarar

Rushewar kasuwa ta 1929 ba manomin Kano kaɗai ta taɓa ba. A Amurka, sa'ad da Shugaba Roosevelt ya hau mulki cikin 1933, aka yi dokar gyaran aikin gona wadda ta ba gwamnati ikon biyan manoma kuɗi don su rage yawan gonakin da suke nomawa, kaya su ragu a kasuwa, farashi ya tashi. Ma'aunin da aka ɗauka shi ne, amfanin gona ya riƙa saya wa manomi abin da yake saya masa tsakanin 1909 da 1914. Kotun Ƙoli ta soke dokar cikin 1936, aka sake wata cikin 1938, gwamnati ta ci gaba da ba manoma rance a kan amfanin gonarsu bisa wani farashi da ba za a sauka ƙasa da shi ba. A Ingila kuma dokokin 1931 da 1933 suka ba manoma ikon kafa hukumomin ciniki na kansu, kamar hukumar madara ta 1933, wadda masu shanu ne ke zaɓen yawancin wakilanta. Cikin 1947 aka ƙara wata doka da ta lamunce wa manomin Ingila farashin manyan kayan gonarsa, ana zama da ƙungiyar manoma kowace shekara a daidaita shi. A ƙasashen nan biyu kuɗi daga baitulmali da aljihun mai saye suke fitowa su shiga hannun manomi.

A Afirka ta Yamma labarin ta wata hanya ya biyo. Cikin 1937 kamfanonin Turawa suka ƙulla yarjejeniya a kan sayen koko, manoman Gwalkwas, wadda ake kira Gana yanzu, suka ƙi sayar da kokonsu har wata biyar. Gwamnatin Ingila ta aiko da kwamitin Nowell, wanda ya ba da rahoto cikin 1938, ya soki yarjejeniyar, ya ba da shawara a taimaki manoma su riƙa sayar da kayansu a haɗe. Kafin a yi wani abu sai yaƙi ya ɓarke cikin 1939. Gwamnati ta karɓi sayen koko duka, ta kafa masa hukuma cikin 1940. Da Japan ta cinye ƙasashen Gabas mai Nisa, inda Ingila ke samun man kwakwa da man ja, sai cikin 1942 aka faɗaɗa hukumar ta haɗa da gyaɗa da kwakwar manja. Kamfanonin da Nowell ya soka su ne aka naɗa wakilan saye, kowanne aka ba shi rabo gwargwadon cinikinsa na kafin yaƙi. Ma'aikatar Abinci ta Ingila ce mai saye ɗaya tak, ita ce kuma ke faɗin abin da za ta biya.

Ke nan suna kawai aka aro daga hukumomin manoman Ingila. Jikin abin kuwa na yaƙi ne, an gina shi don a sami mai da araha a ciyar da mutanen Ingila. Da yaƙi ya ƙare ba a rushe shi ba, sai aka sake masa riga.

Dokar 1949 da yadda ta yi aiki

Cikin 1947 aka kafa hukumar koko ta Nijeriya, cikin 1949 kuma aka kafa uku, ta gyaɗa da ta auduga da ta kayan kwakwar manja. Hukumar gyaɗa ita ce kuma ke kula da riɗi. Doka ta ba ta ikon zama ita kaɗai mai fitar da gyaɗa daga ƙasa. Gab da buɗe ciniki takan yi shelar mafi ƙarancin kuɗin da za a biya a kan kowane tan, a rage kuɗin dako gwargwadon nisan wuri da tashar jirgi. Ba ta zuwa kasuwa da kanta. Wakilai ne masu lasin ke saye a madadinta, su zuba a buhu, malaman duba kaya su gwada, a kai tasha, Hukuma ta biya su kuɗin kaya da na ɗawainiya da lada. Wani kamfani na hukumomin da ke London shi ke sayarwa. Rarar da aka samu an tsara raba ta kashi uku: kashi 70 cikin 100 don daidaita farashi, kashi 22½ don raya yankunan da ke noman, kashi 7½ don binciken aikin gona.

Ba a musun cewa an sami amfani. Farashi ya daina tsalle tsakanin safe da yamma, wanda ya sayar a farkon kaka da wanda ya jinkirta duk abu guda doka ta ce a ba su. Cikin shekarun 1950 aka sa ƙarin kuɗi a kan gyaɗar da ba ta farfashe ba, mutane suka fara barin turmi suna komawa ga injin ɓara na hannu, darajar gyaɗar Nijeriya ta ƙaru a kasuwannin Turai. Kuɗin Hukuma sun taimaki binciken iri da taki a Samaru.

Amma akwai ramuka uku cikin tsarin tun ran da aka haife shi. Na farko, da kaka ake shelar farashi, bayan manomi ya riga ya yi shuka ya yi noma, saboda haka bai taimake shi wajen shawarar abin da zai shuka ba. Na biyu, a kan tan aka yanka farashi, talaka kuwa da kwano da tiya yake sayarwa, kuma tsakanin tiyar ɗan baranda da sikelin wakili akwai tazarar da doka ba ta gani. Na uku shi ne mafi girma. Abin da ke shiga aljihun manomi ya rataya ga abu biyu, farashi da yawan abin da gona ta bayar. Idan ruwa ya ɗauke, gyaɗa ta yi ƙaranci, kasuwar da ba linzami takan ɗaga farashi ta rage asara. Hukuma kuwa ta riga ta ɗaure farashi, ba ta da wata dabara game da shekarar fari. Daidaita farashi daban, tallafa wa manomi daban. Kalmomin biyu sun yi kusa a baki, amma doka ta farkon kaɗai ta ɗauki alkawari.

Ina rarar ta tafi?

Shekarun farko na Hukuma shekarun tsadar mai ne a duniya. Cikin Satumba 1949 aka karya darajar fam, cikin 1950 yaƙin Koriya ya tashi, farashin kayan gona ya yi sama. Hukuma ta ɗaga abin da take biya, amma a hankali ƙwarai, gwamnati kuma ta ƙara harajin fitar da kaya. Masanin tattalin arziki G. K. Helleiner, wanda littafinsa ya fito cikin 1966, ya yi lissafi cewa zuwa 1954 hukumomin nan huɗu sun tara kusan fam miliyan 120, daga ciki fiye da fam miliyan 30 na gyaɗa ne. Bisa lissafinsa, tsakanin 1947 da 1954 rarar Hukuma da haraji sun ɗauke wajen kashi 40 cikin 100 na abin da ya kamata ya isa ga mai noman gyaɗa. Watau cikin kowace fam ta sule 20, sule 8 ba su iso gida ba. Yawancin kuɗin a London aka ajiye su cikin takardun rance na gwamnatin Ingila, a lokacin da Ingila ke fama da bashin yaƙi. Gwamnatin da ta lamunce wa manominta farashi cikin 1947, ita ce ke riƙe da rarar manomin Kano da Katsina. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wanda ya fara tona wannan magana da ƙarfi shi ne P. T. Bauer, cikin littafinsa na 1954 a kan cinikin Afirka ta Yamma. Hujjarsa ita ce, ajiyar da ba a faɗi ranar mayar da ita ba, haraji ce ko da an kira ta da wani suna, kuma haraji ce da ta faɗa a kan matalauta fiye da mawadata. Masu kare Hukuma suka ce, in an sakar wa manoma kuɗin gaba ɗaya alhali babu kaya a kantuna bayan yaƙi, tsada ce kawai za ta cinye su. Suka ce kuma ƙasar da ba ta da masana'antu ba inda za ta sami kuɗin hanyoyi da makarantu sai daga gona. Maganar tasu ba ta rasa gaskiya ba, amma ta sauya tushen muhawara. Da farko an ce ana ajiye wa manomi kuɗinsa ne. Yanzu kuwa ana cewa an fi shi sanin yadda za a kashe su.

Ko dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita tana da fuska biyu. Sunan daga dutsen Dala aka aro shi, kuma tulin buhuna dubbai da ake jerawa har su yi tsini lalle alamar albarkar ƙasa ne da ƙwazon manoma. Amma dalilin da ya sa suka yi yawa bayan yaƙi shi ne ƙarancin kawunan jirgi da taragu. Gyaɗar bana takan tarar da ta bara ba a kwashe ba, ƙwari suna ci, rana tana dukanta.

Zamanin Jihar Arewa

Cikin 1954 tsarin mulkin Lyttelton ya mai da Nijeriya tarayya, aka rushe hukumomin da ke bin nau'in kaya, aka kafa wa kowace jiha tata. Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa ta haɗa gyaɗa da auduga da riɗi da waken soya, ta gaji fiye da fam miliyan 32. A daidai wannan lokaci ayarin Bankin Duniya da ya ziyarci Nijeriya cikin 1953 ya ba da shawara cewa ajiyar ta wuce abin da daidaita farashi ke bukata, a yi aikin raya ƙasa da sauran. Tun daga nan aka daina ɓoye cewa Hukuma wata ƙofa ce ta baitulmalin jiha.

Adalci ne a faɗi cewa cikin shekarun farko na wannan zamani nauyin ya ragu a kan manomin Arewa. Farashin duniya ya sauka, kuma akwai kakar da Hukuma ta buɗe rumbu ta yi ciko, ta biya fiye da abin da ciniki ya bari. Duk da haka harajin fitar da kaya da harajin saye na jiha ba su tsaya ba, har Helleiner ya ƙiyasta cewa in an haɗa shekarun 1947 zuwa 1962, wajen sule 5 ne cikin kowace fam aka riƙe. Gwamnatin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta ci rance daga Hukuma, ta kuma zuba kuɗinta cikin ayyuka irin su masaƙar Kaduna, wadda ta fara aiki cikin 1957. Aka buɗe ƙofar lasin ga attajiran Arewa, waɗanda a dā yaran kamfanonin Turawa da na Kwarori ne, sai ga su sun zama wakilan Hukuma da kansu. Wannan ci gaba ne, amma ya zo da nasa ciwon, gama lasin da rancen banki da ke biye da shi sun zama abin da mai mulki ke iya bayarwa ko hanawa. A Jihar Yamma kwamitin Coker na 1962 ya gano yadda miliyoyin fam na hukumar koko suka bi ta wani kamfani suka shiga hidimar jam'iyya mai mulki. A Arewa ma, bayan juyin mulkin 1966, gwamnatin soja ta sa an binciki ayyukan Hukuma.

Manomi dai ba shi da kujera a inda ake yanka farashi. 'Yan Hukuma naɗa su ake yi, ba masu gona ke zaɓensu ba. Amma yana da hanyoyi uku na mai da martani ba tare da ya buɗe baki ba. Yana iya sayar wa matan da ke matse mai a cikin gida, waɗanda doka ba ta hana ba. Yana iya rage gyaɗa ya ƙara gero da dawa da wake. In kuma yana kusa da iyaka, a ƙasar Katsina ko Daura ko Kazaure ko Gumel, yana iya ɗora wa jaki ya nufi Maraɗi ko Damagaram. Faransa ta daɗe tana sayen gyaɗar ƙasashen da ta mallaka bisa farashin da ya ɗara na duniya, ba ta daina ba sai wajen ƙarshen shekarun 1960, saboda haka duk shekarar da farashin Nijar ya fi, gyaɗa takan san hanyar arewa cikin dare.

Faɗuwa

A farkon shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, kuma a kakar 1966 zuwa 1967 abin da Hukuma ta saya ya haura tan miliyan ɗaya. Daga nan sai gangara. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya rufe hanyar jirgi ta Fatakwal, ya ƙara wa gwamnati bukatar kuɗi, aka rage farashin da ake ba manomi. Jihar Arewa ta rabu shida cikin 1967, Hukuma ɗaya ta ci gaba da yi wa jihohin aiki, kowace tana jiran rabonta. Rumbun da aka cika cikin shekarun 1950 ya riga ya zama hanyoyi da gine-gine da basussukan da ba su dawo ba.

Cikin 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta karɓe ikon yanka farashi daga jihohi, ta soke harajin fitar da kayan gona, ta ɗaga abin da ake biyan manomi, gama kuɗin man fetur sun sa ba ta bukatar na gyaɗa. Wannan ne karo na farko da aka nufi tallafi na sosai, amma ya zo a makare. Farin 1972 da 1973 ya ƙone gonaki, cikin 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa, wadda ɗan ƙwaron darɓa ke yaɗawa, ta halaka amfanin shekara. Albashin birni ya tashi, samari suka bar fartanya, kuɗin ƙwadago ya fi ƙarfin mai gona. Ɗan abin da aka noma kasuwar cikin gida ta fi Hukuma sayensa da daraja. Kafin ƙarshen shekarun 1970 fitar da gyaɗa ya tsaya, filayen dala suka zama fayau.

Cikin 1977 gwamnatin Janar Obasanjo ta sake komawa ga hukumomi masu bin nau'in kaya, na ƙasa baki ɗaya, ta gyaɗa a Kano, ta auduga a Funtuwa, ta hatsi a Minna. Ta hatsi an ce za ta lamunce mafi ƙarancin farashin dawa da gero da masara, amma farashin nata yakan tsaya ƙasa da na kasuwa, saboda haka kaɗan ne suka kai mata kaya. Cikin 1986 gwamnatin Janar Babangida ta rushe su duka cikin shirinta na gyaran tattalin arziki. Manomi ya koma inda kakansa yake kafin 1939, shi da ɗan baranda da abin da kasuwa ta faɗa.

Abin da tarihin ya nuna

Kuskure ne a ce tunanin ajiye rarar shekara mai kyau don shekara mai muni shi ne ya ɓaci. Abin da ya ɓaci shi ne sharuɗɗan ajiyar. Doka ba ta faɗi iyakar abin da za a riƙe ba, ba ta faɗi faɗuwar da za ta wajabta buɗe rumbu ba, ba ta kuma ba mai kayan ikon tambaya ba. Wanda aka ba ajiyar, ko Bature ne ko ɗan ƙasa, ko farar hula ko soja, kullum yana da bukatar da ta fi ta manomi kusa da shi. Manomin Amurka da na Ingila ba su fi na Kano ƙwazo ba. Abin da suka fi shi, suna da ƙuri'a da ƙungiyar da gwamnati ke shakka, kuma su kaɗan ne cikin al'umma mai arzikin masana'antu, wadda ke iya ɗaukar nauyinsu. A Nijeriya ta wancan zamani manoma su ne mafi yawa, su ne kuma tushen kuɗin gwamnati, babu wani a bayansu da zai ɗauki nasu nauyin.

Haka kuma kuskure ne a ce kuɗin duk sun salwanta. An yi hanyoyi, an gina masaƙu da makarantu, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi karatu a Arewa cikin shekarun 1950 da 1960 gumin mai gyaɗa ne ya ɗauke su, ko sun sani ko ba su sani ba. Abin da ba a yi ba shi ne a kira abin da sunansa, a ce wa manomi haraji ne, domin ya san abin da ya bayar, ya nemi lissafi. Duk lokacin da aka sake ta da maganar kafa hukumar da za ta lamunce farashin amfanin gona, tambayoyi uku ne suka cancanci a fara da su: wa zai zaɓi masu yanka farashi, yaushe za a yi shelarsa, kafin shuka ko bayan girbi, kuma wace doka ce za ta tilasta buɗe rumbu ran da mai gona ya zo karɓar ajiyarsa.